Mene ne bambancin "damage" da "damages"? Kamfanin dako ya jiƙa mana kaya

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san Turanci sosai, in da hali har da lauya, ya warware mini wata kalma da ta tsaya mini a rai.

Ni nake riƙe wa kawuna littafin shago a Kantin Kwari, kuma duk takardar boko da ta taso ni nake rubutawa, don shi Alhaji da ajami yake lissafinsa. Ana saura kamar mako biyu Babbar Sallah muka ɗaura wa wani tsohon abokin cinikinmu na Jimeta dila shida, huɗu atamfa, biyu shadda. Mun ba wani kamfanin dakon kaya da muka daɗe muna hulɗa da shi, ba zan kama sunansa ba. Tsakaninmu da mutumin Jimeta kuwa, ka'idar ita ce sai kaya sun isa hannunsa lafiya sannan su zama nasa, saboda haka duk abin da ya same su a hanya a wuyanmu yake.

Tsakanin Gombe da Numan ruwa ya kama motar. Tamfol ɗin da suka rufa a yage yake, kuma yaron motar da bakinsa ya gaya wa mutuminmu cewa tun daga Kano sun san da yagewar, maigidansa ya ce a tafi haka. Dila biyu na atamfa da ke sama suka sha ruwa, ga motar ta lalace ta kwana a hanya, ba wanda ya kwance ya duba. Da aka buɗe a Jimeta, ruwan ya bi ta inda igiya ta huda ledar. Turamen gefe sun zuba, ja ya hau kan fari, takardar lamba da ke manne a jiki ta narke ta bar tabo, na tsakiya kuma sun fara fumfuna, warin kaɗai ya isa ya kori mai saye. Mutumin ya karɓi huɗu, ya dawo mana da biyu. Wajen saukewa a nan Kano, da yake jiƙaƙƙiyar dila ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba, ɗaya ta suɓuce ta danne wa wani ɗan dako ƙafa. Alhaji ne ya biya kuɗin hoton ƙashi da magani.

Na rubuta wa kamfanin takarda. Amsar manajansu gajera ce. A sama an rubuta "Without Prejudice", sannan aka ce: "We regret the damage to your goods and will send someone to assess it. However, the company does not accept liability for damages." A ƙasa ya ce mu duba bayan webil, wato takardar dakon kayan, inda aka buga da ƙananan haruffa: "Goods carried at owner's risk."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a jimlar farko ya rubuta damage, a ta biyu ya ƙara mata s. Yaron shagon maƙwabcinmu ya ce jam'i ne kawai, irin book da books. Ni raina bai kwanta da haka ba, don wanda ya tsara takardar nan ba mai sakin harafi a banza ba ne.

Sannan mu a kasuwa muna da dameji. Turmin da ya fito daga masaƙa da aibu, zanen ya goce, ko kala ta yi tsalle, ko farin layi ya ratsa tsakiya, shi muke ce wa dameji. Ana ware shi a sayar da araha, akwai ma waɗanda sarin dameji ne kaɗai sana'arsu. Shin ita ce kalmar? Kuma zan iya amfani da ita a kan ƙafar ɗan dakon nan?

Alhaji ya ce in rubuta musu su biya ɓarnar da suka yi, da ribar Sallah da muka rasa, da kuɗin maganin yaron. Jarin mutum ne na shekaru, ba na so in rubuta abin da gobe za a juya a kafa mana hujja da shi.

Malamar Turanci, Zariya:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri. Ranka ya gaya maka gaskiya, ba jam'i ba ne, kalmomi biyu ne masu aiki daban.

Damage, wadda ba s, ita ce ɓarnar kanta: zubar kala, tabon, fumfunar. Tana cikin kalmomin da Turanci ba ya ƙirgawa, irin su water da advice da furniture. Ko gida ɗari ambaliya ta rushe, cewa za a yi a lot of damage ko serious damage. Ba a cewa "many damages", ba a kuma cewa "a damage". 'Yan ajin ƙarshe na sakandare nake koyarwa, kuma babu shekarar da ba na jan jan biro a ƙarƙashin "the flood caused many damages". A bakin mutanenmu ana faɗa, har a jarida kana gani, amma mai makin WAEC kuskure zai ɗauke shi, lauya kuma wani abu daban zai fahimta.

Damages, mai s, kuɗi ne. Diyyar da kotu ke yanke wa wanda aka cuta, ko wadda yake nema a biya shi. Don haka ga abin da manajan ya ce maka da Hausa: mun yi takaicin ɓarnar da ta sami kayanku, za mu turo a duba, amma ba mu yarda biyan diyya na wuyanmu ba. Ya amsa cewa kaya sun ɓaci, bai amsa cewa zai biya ba. Da saninsa ya sa harafin nan.

In za ka rubuta, ka lura da abokan tafiyarta. Ana cewa damage to, ba damage on ba: damage to the goods. Ana cewa cause damage ko do damage, ba a cewa make damage. Tana kuma zama aikatau: the rain damaged two bales. Damejinku na kasuwa daga nan ya fito, daga damaged goods, Bahaushe ya yanke ya ɗauki abin da yake buƙata. Ba laifi ba ne, kalmar ta zama tamu. A takarda dai ka rubuta damaged in ruwa ne ya ɓata, defective in daga masaƙa ya zo da aibunsa, don wannan bambancin shi ne zai nuna wanda ke da alhaki.

Maganar ɗan dako kuwa, kada ka ce he was damaged. Injured za ka ce, wato ya ji rauni, ita ake amfani da ita a hatsari da faɗuwa da filin ƙwallo. Hurt ta fi sauƙi, ta yau da kullum ce, tana ɗaukar ciwon jiki da na zuciya duka, yaro zai ce my leg hurts, babba zai ce your words hurt me. Wound ta makami ce, wuƙa ko harsashi. Harm ita ce cutarwa a dunƙule, kowace iri. Ita damage ta abubuwa ce: mota, gini, amfanin gona, da abin da ba a taɓawa irin suna da mutunci da zumunci. Ana kuma faɗinta a kan wani sashe na jiki, kamar hanta ko ido ko ƙwaƙwalwa, amma ba a kan mutum sukutum ba.

In ka ji an ce wa mutum damaged, to maganar ta yi nauyi, ana nufin wahala ko zalunci sun bar masa tabo a zuciya. Mafi muni shi ne a kira mutum damaged goods. Na ji samari suna jifan zawarawa da ita a intanet, suna jin sun iya Turanci. Zagi ne mai ƙasƙanci, mayar da 'yar mutane haja ne, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya bari ta fito daga bakinsa.

Akwai kuma tsayin ɓarnar. Abin da aka ce damaged yana nan, ana iya gyara shi ko a sayar da shi a karye. In ya tafi gaba ɗaya, destroyed ne. Mu nan mun saba cewa my phone has spoilt, amma a Ingila spoil ta fi tafiya da abincin da ya lalace da yaron da aka sangarta.

Wasu 'yan maganganu da za ka ci karo da su: in Bature ya gama cin abinci ya ce wa mai kanti "what's the damage?", ba abin da aka fasa, nawa ne kuɗina yake nufi, cikin raha. "The damage is done" shi ne aikin gama ya gama. "Damage control" shi ne ɗinke ɓaraka, abin da 'yan siyasa ke yi washegarin ranar da suka yi suɓul da baka. Wadda ni ba na ƙaunar ji ita ce "collateral damage". Ta yaɗu a bakin kakakin soja lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, ana nufin fararen hula da aka kashe ba su aka nufa ba. Ka ga an ɗauki kalmar da aka tanada don gini da mota an ɗora wa rayukan mutane, don mai sauraro kada ya ji zafin. Duk sanda na gan ta a labarai nakan tsayar da darasi in sa ɗalibai su sake rubuta jimlar da killed.

Ejan na Tashar Ruwa:

Ɗan Kwari, ƙari kaɗan a kan na Malama, tunda ku ma kuna shigo da kwantena. Kada ka haɗa ta da demorej. Na sha ganin ɗan kasuwa ya ga demurrage a takardar kamfanin jirgi hankalinsa ya tashi, ya ɗauka an ce kayansa sun yi dameji. Ba abin da ya sami kayan. Demorej kuɗin jinkiri ne: kamfani na ba ka wasu kwanaki kyauta bayan an sauke kwantena, in suka wuce ba ka fitar ba, kowace rana sai ta hau kanka, a Apapa ne ko a Kwatano.

Sannan shawara ga na gaba. Duk wanda zai karɓi kaya daga mota, ya duba kafin ya sa hannu. In ya ga alamar ruwa ya rubuta "received damaged" a jikin webil ɗin, direba na tsaye, ya ɗauki hoto. Sa hannu a ƙarƙashin "received in good condition" shi ke kashe magana tun ba a fara ba.

Barista:

Malama ta gama da nahawu, bari in ɗora daga inda ta tsaya. Abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, takardunku sai lauya ya riƙe su a hannu ya karanta.

"Without Prejudice" da ka gani a sama, ma'anarta duk abin da suka faɗa a wasiƙar don neman sasantawa ba za ka ɗauke shi ka kai kotu a matsayin sun amsa laifi ba. Ko gobe suka rubuto suka ce za su ba ku rabi, in maganar ta watse ba za ka ce ai sun yarda ba. Kai ma kana iya sa ta a taka in za ka yi rangwame.

"Owner's risk", wato duk abin da ya sami kaya a hanya a wuyan mai kaya yake, ba zan ruɗe ka in ce ba shi da ƙarfi ba. Kotu kan tabbatar da irin wannan sharaɗi, musamman tsakanin 'yan kasuwa da suka daɗe suna hulɗa da takarda iri ɗaya, don za a ce kun san da shi. Amma ba shi ne ƙarshen zance ba. Alƙali zai duba ko an nuna muku shi kafin a ƙulla ciniki, kuma in lafazinsa na da harshen damo, a kan wanda ya rubuta shi ake fassarawa. Haka nan wanda ya karɓi kayan wani da lada, kayan suka ɓaci a hannunsa, shi ake fara tambaya ya nuna ba sakacinsa ba ne. Maganar yaron mota ita ce mafi tsada a duk abin da ka rubuta. Ruwan sama daga Allah ne, amma tashi da yagaggen tamfol a tsakiyar damina, an sani, wannan aikin mutum ne. Ku nemi wanda ya ji maganar da kunnensa, ku rubuta ranar da wurin tun ba a manta ba.

Ita diyyar kashi-kashi ce, biyu ne suka shafe ku. Special damages ita ce asarar da ake iya ƙirgawa da naira da kwabo. Kotunan Najeriya suna da tsauri a kanta: sai ka jero ta ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, ka kuma tabbatar da kowace da hujja. Turmi nawa, wane iri, nawa aka saya, ina rasit. Ka ce "mun yi asarar miliyoyi" ba tare da wannan ba, ko sisi ba za a ba ka a wannan babin ba. General damages kuma ita ce wadda alƙali ke kimantawa da kansa, ta abin da ba shi da rasit, kamar zafin ciwo ko zubar mutunci. A rikicin kaya irin naku kada ku sa rai da ita sosai.

Lissafin kuwa ba kuɗin dila biyu cif ba ne. Ana duba nawa kayan za su yi a Jimeta da sun isa lafiya, a cire nawa suke yi yanzu, abin da ya rage shi ne haƙƙinku. A nan damejinku na kasuwa zai yi aiki. Doka na sa ran wanda aka yi wa ɓarna ya rage wa kansa asara, ba ya naɗe hannu kaya su ƙarasa ruɓewa ba. Ku sanar da kamfanin a rubuce ranar da za su zo su duba, ku ɗauki hoto da bidiyo, ku shanya, ku ware mai kyau da mai tabo, sannan ku kira masu sarin dameji biyu ko uku su yi tayi a rubuce. Wannan tayin hujja ne.

Ribar Sallah kuma akwai tsohuwar shari'a da duk ɗalibin lauya a ƙasar nan ya karanta, Hadley da Baxendale, ta 1854. Masu injin niƙa ne a garin Gloucester na Ingila, ƙarfen da ke juya injin ya karye, suka ba kamfanin dako ya kai wa maƙera don a ƙera sabo a kan samfurinsa. Kamfanin ya yi jinkiri, injin ya zauna ba aiki, suka nemi ribar kwanakin. Kotu ta hana su, ta ce mai dako bai san ba su da wani ƙarfen a ajiye ba. Abin da ake biya shi ne asarar da kowa zai yi tsammani daga irin wannan saɓawar, ko wadda aka sanar da ɗaya ɓangaren tun wajen ƙulla ciniki. To ribarku ta wannan cinikin tana cikin farashin Jimeta da na ambata. Amma in Alhaji na nufin wasu odar da ya rasa, ko abokin ciniki da ya yi fushi ya koma wani shago, wannan zai yi wuya. Kuɗin maganin ɗan dako ku sa shi da rasit ɗinsa a layi daban, ku dai san za su ce ya yi nisa da laifinsu.

In suka kawo kuɗi da takarda mai ɗauke da "full and final settlement", kada a sa hannu sai adadin ya gamsar da ku. Bayan wannan sa hannun babu sauran ciko.

Ɗan Kwari ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Malama da Barista da Ejan. Na karanta wa Alhaji komai bayan sallar isha'i. Mutumin Jimeta bai sa hannu a kan dila biyun ba, ya ce wa direba ba zai karɓa ba, kuma yaransa biyu suna wurin sanda yaron mota ya yi maganar tamfol. Mun baza turamen a saman bene, kusan kashi ɗaya cikin uku sun fita da ɗan tabo a falle ɗaya kawai, sauran kam sai masu dameji.

Layin da na tsara shi ne: "We request compensation for the damage caused to two bales of our goods." Na bar damages ɗin sai in an je gaban alƙali.

Sai dai Alhaji ya ce shi ba ya son kotu da mutanen da ya shekara yana cin arziki da su. Ya fi son a zauna gaban shugabannin kasuwa da na tasha. Ya kuma ce in tambaya, a Musulunce wannan lamunin a kan wa yake? Ya ce ba ya son ya karɓi abin da ba nasa ba ko da Turanci ya ba shi.

Almajirin Zaure:

Madalla da Alhaji, Allah ya ƙara masa tsantseni. Ga ɗan abin da muka karanta a gaban malamai.

A mazhabar Malikiyya asalin wanda aka ɗauka aiki da lada amintacce ne, ba ya lamuni sai in ya yi ta'adi ko sakaci. An ware masu sana'ar hannu: Risala ta ce su masu lamuni ne ga abin da suka tafi da shi ba a gaban mai shi ba, kamar tela da marini da mai wanki, don kare dukiyar jama'a. A wurin nan kuma ta ce mai jirgin ruwa ba ya lamuni, amma ba shi da kuɗin haya sai ya isar da kaya.

Wadda ta fi kama da taku tana cikin Muhtasar na Shehu Halil. An kawo mai dako da igiya ta tsinke masa kaya suka faɗi suka fashe. Ba ya biya, matuƙar bai yi yaudara da aikinsa ba. Masu sharhi suka ce yaudara da aiki ita ce ya san igiyar ta rauna, ya ɗaure da ita haka nan ya tafi. In ya yi wannan, lamuni ya hau kansa. Ku sa tamfol a madadin igiya, ku ga inda maganar ta faɗa. Sharaɗin dai a tabbatar sun sani, ko ta shaidu ko su amsa da bakinsu.

Game da yawan abin biya, in ɓarnar kaɗan ce, mai kaya zai riƙe kayansa a biya shi abin da ya ragu na ƙimarsu. In mai yawa ce har ta kashe amfanin da ake nema, yana da zaɓi: ya bar wa mai ɓarnar kayan ya karɓi ƙimarsu duka, ko ya riƙe ya karɓi ragin. Turamen da suka fita da ɗan tabo suna babin farko, na masu dameji suna iya shiga na biyu. Hukunci dai sai wanda ya ji ta bakin kowa, don haka ku tafi zaman da malamin da su ma suka yarda da shi.

Ba'adare a Maraɗi:

Sannunku mutanen Kano. Mu da muka yi lakwal, wato boko, da Faransanci wagga kalma ba baƙuwa ba ce gare mu. Dommage muke da ita, kuma uwarsu guda da ta Ingilishi. Bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya daɗe shi ne harshen fada da na shari'a can, kalmomi da yawa suka shige, har da wagga. Tushenta damnum na Latin, wato hasara.

Wurinmu ma diyyar kotu da jam'i take zuwa, dommages et intérêts. Ɓarnar ruwa ko ta gobara kuwa mun fi cewa dégâts. Abin da za ku kiyaye, in kuna ciniki da mutanenmu da ke shigowa Kwari ta Jibiya: in ka ba wani labarin asararka ya ce "c'est dommage", ba cewa ya yi akwai ɓarnar da za a biya ba. Kaico kawai ya ce, jaje ne.

Maman Biyu:

Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda kalmar ce. An auna mahaifinmu, yana da hawan jini tun da daɗewa, likita ya rubuta kidney damage a kati, ya ce mu dawo bayan wata uku a sake gwaji. Tun ranar gidan ba mai barci, ƙanina ya ce ma'anarsa ƙodar ta mutu sai wanki. Malama ta ce abin da aka ce damaged yana nan bai tafi ba. A jikin mutum ma haka ne?

Nas a Ɓangaren Ƙoda:

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ku kwantar da hankalinku, damage ba failure ba ce. Abin da likita ya rubuta shi ne ƙodar ta sami lahani, kalmar ba ta faɗi girmansa ba, ba ta kuma ce ba ya tsayawa ba.

Lahanin ƙoda iri biyu ne. Akwai na farat ɗaya, wanda amai da gudawa mai tsanani ko zazzaɓi mai nauyi ko wani magani ke jawowa, wannan sau da yawa yana warwarewa in an kula da wuri. Akwai kuma mai tafiya a hankali, wanda hawan jini da ciwon suga suka fi kawowa. Shi ba ya komawa kamar da, amma ana rage masa gudu sosai. Wata ukun da likita ya ce ba jan rai ba ne: sai matsalar ta kai wata uku tana nan sannan ake kiranta mai daɗewa, don haka gwaji na biyu ne zai bambance.

Ku duba takardar gwajin jinin, za ku ga creatinine, wataƙila da wata lamba da ake kira eGFR. Ita ce ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Mataki biyar ne. Ƙasa da 60 na nuna aikin ya ragu, ƙasa da 15 shi ne mataki na biyar, nan ne ake fara zancen wanki ko dashe. Mutane da yawa suna shekaru a mataki na uku ba su taɓa hawa injin wanki ba.

Kafin ranar komawa, Baba ya riƙa shan maganin hawan jininsa kullum ko ya ji garau, a rage gishiri da dunƙule a miya. A ɗauke masa diclofenac da ibuprofen da haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis, waɗannan suna cin ƙoda, tsofaffi kuma sun fi kowa shansu saboda ciwon gwiwa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ma a dakata da su. In kun ga ƙafa ko fuska ta kumbura, ko fitsari ya ragu sosai, ko numfashi na yi masa wuya, kada ku jira wata ukun.

Ranar da za ku koma, ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya ku tafi da su, na asibiti da na gargajiya. Ku tambayi likita mataki na nawa ne, da ko akwai furotin a fitsarin, kuma ku roƙe shi ya yi wa Baba bayanin da Hausa a gabanku.